HARAMUN NE KAFIN DALA TA SHIGO?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ranar 26 ga Yulin 2025 'yan ƙwallon ƙafa mata na Najeriya, Super Falcons, suka doke Maroko da ci 3 da 2 a birnin Rabat, bayan an tafi hutun rabin lokaci ana cin su biyu babu ko ɗaya. Kofin Afirka na goma ke nan da suka ɗauka. Bayan kwana biyu Shugaba Tinubu ya karɓe su a Abuja, ya sanar da cewa kowace 'yar wasa za ta samu kwatankwacin dala 100,000, da gida mai ɗaki uku, da lambar girma ta OON. A canjin wancan lokacin, kuɗin ya kai wajen naira miliyan 150.

Tun daga wannan sanarwa tambayar da iyaye suke kawo mini ta sauya kama. Da can abin da nake ji shi ne: "Malam, yarinyar nan ta ƙi barin ƙwallo, ta mayar da ni abin nuni a unguwa, me zan yi da ita?" Yanzu kuwa sai ka ji: "Malam, wai da gaske babu wata hanya da ya halatta? Ai yarinyar tana da baiwa." Wani lokacin ma bakin da ya yi tambayar farko shi ne ya dawo da ta biyu.

To me ya sauya? Wandon da ake sawa a fili yana nan yadda yake, bai ƙara tsawo ba. Ba a saukar da sabuwar aya ba, ba a gano wani hadisi da ya ɓoye ba. Abu ɗaya ne ya shigo tsakani, shi ne dala. A kan wannan nake so mu yi magana, don matsalar ta wuce ƙwallo.

Bari mu fara duba yadda hanyar take, domin da yawanmu ƙarshenta kawai muka gani a talabijin.

A cikin waɗanda suka ɗauki kofin nan akwai Halimatu Ayinde, 'yar wasan tsakiya, haifaffiyar Kaduna a shekarar 1995. A nan Arewa ta tashi, kuma ta faɗa a hirarrakinta cewa ba abu ne mai sauƙi ba yarinya ta yi ƙwallo a inda ta girma. Ban kawo sunanta don a yi mata shari'a ba, ni ba alƙalinta ba ne. Na kawo shi ne don tarihin wasanta a fili yake, kowa zai iya bi. Tana da shekara 17 ta buga gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Azarbaijan, a 2012. A 2014 tana cikin tawagar 'yan ƙasa da shekara 20 da ta kai wasan ƙarshe a Kanada, Jamus ta ci su ɗaya mai ban haushi a ƙarin lokaci. A wannan gasa ce Asisat Oshoala ta ci ƙwallo 7, ta zama gwarzuwar gasar. Halimatu ta yi wasa a Delta Queens, daga nan ta tafi Amurka a 2015 wajen Western New York Flash, zaman bai yi tsawo ba. Sai Minsk a ƙasar Belarus, sai Suwidin, inda ta bi ta Asarum da Eskilstuna kafin ta kai Rosengård ta birnin Malmo. Ƙasashe ne da sanyinsu ke shiga ƙashi, inda in Ramadan ya faɗo lokacin zafinsu mai azumi kan kusa awa 20 bai sha ruwa ba.

A 2022, a wasan kusa da na ƙarshe da Maroko, an ba ta jan kati jim kaɗan bayan dawowa daga hutu, daga baya aka kori Rasheedat Ajibade, suka ƙarasa da mutum tara, aka fitar da su a bugun fenareti. A 2024 da Najeriya ta samu zuwa gasar Olamfik ta Paris bayan shekara 16 rabonta da zuwa, rauni ya hana Halimatu tafiya. Ku lissafa da kanku: shekara 13 tsakanin Azarbaijan da ranar da aka kira sunanta a fadar shugaban ƙasa.

Kuma kar wani ya ɗauka a cikin shekarun nan kuɗi ake ta kwasa. A 2016, bayan Super Falcons sun ci kofin Afirka a Kamaru, sai da suka ƙi barin otal a Abuja, har suka yi tattaki zuwa majalisa, kafin a biya su alawus ɗinsu. A 2019 sun sake irin wannan zaman dirshan a Faransa. A 2022 sun ƙaurace wa atisaye a Maroko a kan bashin da suke bi. Waɗannan fa su ne na sama, waɗanda duniya ta san sunansu. A ƙasansu akwai ɗaruruwan 'yan mata a ƙananan kulob-kulob da ba za su taɓa sa rigar ƙasa ba. Wata gwiwa ce za ta tsinke tana da shekara 19, wata za a sallame ta da bashin albashi, ta dawo gida babu takardar sakandare, babu sana'a, ga sunan da unguwa ta riga ta raɗa mata.

Ga inda nake so ku tsaya ku yi tunani. Yarinya biyu, aiki ɗaya suka yi, kaya iri ɗaya suka sa, fili ɗaya suka shiga. Ɗaya ta dawo da lambar girma, muka ce "'yarmu ce, ta fitar da mu kunya." Ɗaya ta dawo da ɗingishi, muka ce "dama ai 'yar iska ce, ga abin da ƙin jin magana ke jawowa." Don Allah, da wane ma'auni muka auna?

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar nan ta ƙabilar Banu Makhzum da ta yi sata, manyan Ƙuraishawa suka nemi Usama ɗan Zaidu (RA) ya nema mata sassauci saboda gidan da ta fito. Fuskar Annabi (SAW) ta sauya, ya tashi ya yi huɗuba, ya bayyana cewa abin da ya halaka al'ummun baya shi ne ƙyale mai daraja in ya yi laifi, da zartar da hukunci a kan mai rauni. Mun saba karanta wannan hadisi mu tuna da 'yan siyasa da manyan ɓarayin gwamnati. Amma a tsakar gidajenmu ma yana aiki. Uban da haramun ɗinsa ke narkewa da zarar an turo kuɗi ta waya, wallahi tun farko ba tsoron Allah ne ya sa ya hana ba, tsoron bakin mutane ne. Da bakin mutane ya koma yabo, sai haramun ɗin ta bi shi. Mutanen Ƙaruna ma haka suka yi a Suratul Ƙasas: ranar da ya fito cikin adonsa suka yi burin ina ma su ne, ranar da ƙasa ta haɗiye shi suka koma godiya da ba su ba ne. Ra'ayinsu na biye da sakamako, masu ilimi ne kaɗai maganarsu ta zama ɗaya a ranakun biyu.

Na san wani zai ce, to Malam kai ina ka tsaya? Ba zan yi ɓoye-ɓoye ba.

Gudu da motsa jiki ba haramun ba ne ga mace. Abu Dawud ya ruwaito cewa Nana A'isha (RA) ta yi tsere da Annabi (SAW) sau biyu, ta wuce shi a na farko, ya wuce ta a na biyu bayan ta ƙara jiki. Ita ƙwallo kuwa fata ce da iska, babu laifi a jikinta. Inda maganar take shi ne abin da ke kewaye da ita a matsayin sana'a: buɗe al'aura a gaban maza da kyamara, cakuɗuwa, doguwar tafiya babu muharrami, da sallar da ake haɗawa ko a bari saboda atisaye. Ban san malamin da ake dogaro da shi ba da ya halatta wa baligar Musulma ta fito da cinyoyinta a gaban dubban maza. Wannan hukunci haka yake ranar da aka ci kofi, haka yake ranar da aka sha kashi. Dala dubu ɗari ba ta taɓa shi ba, kuma dala miliyan ma ba za ta taɓa shi ba.

Masu cewa "ai dole ne, haka dokar wasan take" su ma su sake bincike. Gaskiya ne a 2007 an hana rufe kai a fili, har a 2011 aka hana tawagar matan Iran buga wasan neman zuwa Olamfik da Jodan saboda shigarsu. Amma mutane sun dage, a watan Maris na 2014 hukumar da ke tsara dokokin ƙwallo ta amince da rufe kai. Ranar 30 ga Yulin 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta shiga fili da Koriya ta Kudu a Ostareliya da hijabinta, hannu da ƙafa a rufe, ita ce ta farko da ta yi haka a gasar duniya ta manya. Faransa ce har yanzu ta kafe a kan hani a wasanninta na cikin gida. Ba ina cewa ɗan kwali ya warware dukkan mas'alar ba ne, saura na nan, kuma malamai za su ci gaba da saɓani a kai. Ina nuna muku ne cewa abin da aka ce ba zai yiwu ba ya yiwu, saboda wasu sun ƙi sayar da shi da arha.

Amma hukuncin aiki daban, haƙƙin mai aikin daban. A nan ne da yawanmu muke zamewa.

Akwai wani sahabi da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda shan giya. Wata rana wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Hadisin na cikin Bukhari. Giya fa, wadda babu saɓani a kanta. Hukunci ya tabbata, an zartar, amma ba a ba kowa lasisin tsinuwa ba. To ina ga yarinya 'yar shekara 16 da ta taso ta ga tana iya abin da yayyenta maza ba su iya ba?

Ku tuna abin da ya faru ranar 27 ga Yulin 2023, da Asisat Oshoala ta ci Ostareliya ƙwallo ta uku ta cire riga don murna. Kuskure ne, ban da wata kalma da zan kira shi. Sai dai abu biyu na lura da su. Na farko, mutanen da suka fi kowa yaɗa hoton a Facebook da WhatsApp su ne masu rubuta "A'uzu billahi" a samansa. Ɗan uwa, in al'aura ce, kai da ka tura wa mutum ɗari biyar meye sunan aikinka? Na biyu, ita da kanta ta fito ta rubuta cewa mahaifinta bai ji daɗin abin ba. Mace ce da ta zama gwarzuwar Afirka har sau shida, ta yi wasa a Liverpool da Arsenal da Barcelona, amma ɓacin ran babanta bai daina yi mata nauyi ba. Iyayenta ba su so ta yi ƙwallo ba tun farko, ta sha faɗa. Duk da haka igiyar ba ta tsinke ba. Uban da ya tsine wa 'yarsa ya kore ta, ranar da ta yi irin wannan wa zai ɗaga waya ya ce mata "ban ji daɗi ba", kuma ta ji? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Sannan mu maza mu ji kunya kaɗan. Gidajen kallon ƙwallo cike suke da mu daga La'asar har bayan Isha'i, ana kiran sallar Magariba ana jiran a tafi hutun rabin lokaci. Samarinmu sun mayar da cacar ƙwallo a waya kamar sana'a, wadda haramcinta nassi ne ƙarara. Ban taɓa jin uban da ya zo ya ce zai tsine wa ɗansa a kan wannan ba.

Me ya sa nake wannan magana daga Zuru? Don a nan tambayar ba ta littafi ba ce. Ƙasar Zuru ƙasar ƙarfi ce. Da noma da kokawa da aikin soja aka san mu, garin da ya fitar da janar-janar irin su marigayi Sarkin Zuru Muhammadu Sani Sami da Ishaya Bamaiyi da Tanko Ayuba. 'Ya'yanmu mata ba a kan katifa suka tashi ba. Yarinyar da ta saba da gona da ɗibar ruwa, in ta shiga filin makaranta ranar wasanni, sai ka riƙe baki. Kuma gidajenmu a haɗe suke, Musulmi da Kirista kaka ɗaya, daga Dabai har Ribah. 'Yarka za ta ga 'yar baffanta tana buga ƙwallo babu mai ce mata komai, ta dawo ta tambaye ka dalili. "Don na ce" ba zai riƙe ta ba har abada.

Kuma duk wadda ta ɗauki abin da gaske, barin gida za ta yi. Manyan kulob ɗin mata suna nesa da mu: Nasarawa Amazons a Lafiya, Rivers Angels a Fatakwal, Bayelsa Queens, Edo Queens, Delta Queens. Yarinya za ta hau mota ta bi ta Rijau da Kontagora, ta kwana a hannun mutanen da ubanta bai taɓa gani ba. Wannan ya fi tsawon wando tayar mini da hankali, kuma shi ne abin da masu tambayar "ya halatta?" ba su cika tambaya ba. Wa ke horar da ita? A ina take kwana, da wa? Wa ke riƙe da fasfonta in an ce za a fita da ita waje? Akwai dillalan ƙarya da ke karɓar kuɗin gona da na shanu da sunan gwaji a Turai, yaro namiji ma ya ƙare a titi, balle mace.

Akwai kuma wani zunubi da ke shigewa salin-alin, wanda ake kira "shekarun ƙwallo". Tunda ƙofar shiga ita ce gasar 'yan ƙasa da 17 da ta 'yan ƙasa da 20, sai a ce wa uba ya je kotu ya yi takardar rantsuwa a rage wa yarinya shekara uku ko huɗu. Ba ina zargin wata 'yar wasa da na ambata ba, ina maganar abin da kowa ya san ana yi ne a wasannin matasa, maza da mata. Uba ya ɗaga hannu ya rantse a kan ranar haihuwar da ya san ƙarya ce, a tauye haƙƙin wata yarinyar da shekarunta na gaskiya ne. Shaidar zur na cikin manyan zunubai da Annabi (SAW) ya jera tare da shirka da saɓa wa iyaye. Mutum ya zo yana tambayata hukuncin gajeren wando alhali takardar rantsuwar na cikin aljihunsa.

Uban da ya ce a'a saboda Allah, ina tare da shi, kuma yana da hujja. Amma a'a ɗin tana da kuɗinta. Ka zauna da ita ka yi mata bayani kamar mai hankali. Ka biya kuɗin makaranta a kan lokaci. Ƙarfin nan da Allah ya ba ta, ka nema masa mafita, kar ka bar ta da wanke-wanke da kallon bango. Masu hali a cikinmu da ke gina masallaci na huɗu a layi ɗaya, me zai hana ɗaya ya kewaye fili da katanga, a samu mace mai horarwa, 'yan mata su yi gudunsu su buga ƙwallonsu babu idon namiji? Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta tsaya ga faɗin abin da bai halatta ga mata ba. Ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajis, karatu ya iske mata har ƙauyukansu. Mu mun gaji hanin, mun bar ginin.

Kuma in ka ce a'a, to ta zama a'a ko da gobe an kira sunan ƙawarta a fadar shugaban ƙasa. Wani bawan Allah ya taɓa ce mini, "Malam, ni fa ban yafe mata ba, amma kuɗin da take turowa ina karɓa, tunda haƙƙina ne na uba." Na ce masa, Alhaji, zaɓi ɗaya. In abin da take yi ya kai ka ƙi amsa sallamarta, to bai kamata ka ci tuwon da ya fito daga cikinsa ba. In kuwa tuwon ya ciwu, to sallamarta ma ta amsu. Ya yi shiru, ya ce zai yi tunani.

Wanda kuma 'yarsa ta riga ta tafi, da yardarsa ko babu, har yanzu amanarsa ce, kuma za a tambaye shi. Ba sai ka ce mata abin da take yi daidai ne ba. Ka gaya mata gaskiya a kan sutura da sallah, ka maimaita, ka gaya mata akwai wadda ta buga gasar duniya a rufe. Ka san sunan kocinta da lambar matar da ke kula da masaukinsu. In da hali, yayanta ko kawunta ya raka ta ya ga wurin da idonsa. Ka dage ta rubuta jarrabawar WAEC ko NECO, don gwiwa ba ta da alƙawari. Ranar da aka sallame ta, ko aka ɗauko ta a kan makara daga fili, ta san akwai ƙofar da za ta ƙwanƙwasa a Zuru a buɗe mata ba tare da an fara tambayar nawa ta kawo ba.

Wallahu a'alam.